Inna Ba Ta Ci, Sai Dai Ta Ɗanɗana

Akwai wani mai gyaran firji da 'yan layinsu ke kira Injiniya, duk da cewa bai taɓa taka jami'a ba sai ranar da aka kira shi ya duba firjin malamai. Sunan ya bi shi, shi ma bai nuna ya ƙi ba. Mutum ne mai hannu, kuma yana da ƙa'ida guda a aikinsa: duk abin da ya fara hayaƙi, a zare shi daga wuta tukuna, magana ta biyo baya.

Mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, a wurinsa take zaune. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a kicin ɗin wani babban asibiti. Da wankin tukwane ta fara, har ta zama ita ce shugabar masu girki, ba a fitar da tukunya sai ta ce a fitar.

Da tsufa ya zo, sai ya zo mata da ciwon mantuwa. Da farko abin dariya ne, a nemi makullin gida a same shi cikin buhun shinkafa. Daga baya ta fara kiran jikokinta da sunayen ƙannenta da suka daɗe da rasuwa. Wata safiya Injiniya ya durƙusa ya gaishe ta, ta dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta ce, "Lafiya lau, bawan Allah. Wa kake nema?"

Ranar ya kasa cin abinci. Amma abin da ake ji kullum, kunne yakan saba da shi. Bayan 'yan watanni sai ya zama in ta ce masa bawan Allah, ya amsa kawai ya wuce, kamar yadda mutum ke amsa sallamar mai karanta mita.

Rannan da rana tsaka Inna ta shiga kicin, ta ɗora tukunya babu komai a ciki, ta kunna gas, ta koma ɗaki ta zauna. Ƙauri ne ya taso matar Injiniya daga wurin shanya. Ta tarar da tsumman goge hannu yana ci da wuta a gefen murhu.

Injiniya ya dawo ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya juya ya fita, ya dawo da kwaɗo da ƙusoshi, ya buga wa ƙofar kicin.

Matarsa ta ce, "Baban yara, kicin ɗin nan fa shi kaɗai ta sani yanzu. Ko a bar ta ta riƙa shiga in ina ciki?"

Ya ce, "In gidan ya kama da wuta, sai ki gaya wa masu kashe gobara haka."

Ya ba ta makulli ɗaya, ya jefa ɗaya a aljihu. A wurinsa gyara ya ƙare.

Kwanakin farko Inna takan zo da safe ta tsaya a bakin ƙofar, ta taɓa kwaɗon, ta daɗe a tsaye, sannan ta koma. Daga baya ta daina zuwa. Daga nan kuma ta daina cin abinci.

Ba wai tana ture faranti ko tana rigima ba. In an kawo mata a tire, sai ta leƙa, ta gyara zaman cokalin, ta rufe da kyau, ta miƙa wa wanda ya kawo ta ce, "Kai wa mai shi, kada ya huce." A ce mata nata ne, ta girgiza kai. Shayi kaɗai take kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har da saura.

Da suka je asibiti, likita ta ɗora ta a sikeli, ta duba abin da ya nuna, ta dubi Injiniya.

"Alhaji, tana ramewa da sauri. Ku daina jiran ta ci babban abinci. Ku riƙa ba ta 'yan abubuwa kaɗan kaɗan cikin yini, masu sauƙin tauna, masu amfani ga jiki da ƙwaƙwalwa. Dafaffen ƙwai, kifi, ayaba, gwanda, yogot. Gyaɗa ma, amma a daka ta da laushi saboda kada ta shaƙe. Ba zan ce maka za su dawo mata da tunaninta ba. Amma ƙwaƙwalwar da ba ta samun abinci ta fi saurin gajiya."

Injiniya ya gyaɗa kai.

Likitar ta ƙara da cewa, "In kun dawo wata mai zuwa na ga ta ƙara raguwa, dole mu kwantar da ita mu sa mata robar abinci ta hanci. Kuma in gaya maka gaskiya, masu irin ciwonta sukan fizge robar, sai an riƙa riƙe musu hannu. Ba na so a kai can."

Ya ce, "To." Ya ji maganar sarai, ya kuma san nauyinta, amma ba ta taɓa masa ko'ina ba. A hanyar gida abin da yake tunani shi ne wani firjin mai sayar da ƙanƙara da ya yi alkawarin gamawa.

Duk da haka ya ɗauki abin kamar kwangila. Ya sayo duk abin da likita ta lissafa. Ya sayo sabon tire fari, da 'yan kwanoni masu murfi, kowanne da nasa. Ya saita ƙararrawa a wayar matarsa. In ta buga, a jera komai tsaf a kai wa Inna ɗaki.

Inna ta duba tiren nan mai kyau, ta ƙara gyara shi, ta ce, "Kai wa mai shi."

Yayarsa, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta ɗauki nata aikin ta waya. Kun san irin yayyen nan, ba sa nan amma sun fi kowa sanin abin da ya kamata a yi. Kullum da sabon bidiyon da za ta turo.

"Kai, ka nemo mata irin gyaɗar nan ta ƙasar waje mai kama da ƙwaƙwalwa. An ce ita ce maganin abin."

"To, Yaya."

"Kuma ka riƙa lallashinta. Kai tun kana yaro ba ka iya lallashi ba."

"To, Yaya."

Ya nemo gyaɗar. Yaran gidan suka ji daɗinta ƙwarai.

Wata rana ya ce a ba shi cokalin. Ya zauna a gabanta, ya ɗebo yogot ya kai bakinta. Ta datse haƙora, ta zuba masa ido irin na wadda wani ƙato ya tare a hanya. Ya matsa cokalin, ta kawar da kai, yogot ya zube masa a gaban riga. Ya tashi ya goge, ya canza riga, ya tafi shago.

A shagon ya buɗe wani firji da ya gama gyarawa, ya tsaya yana sauraron ƙugin injin, sanyi na bugun fuskarsa. Sai ya kama kansa yana tunanin in an kwantar da Inna, ɗakinta zai ɗauki firji nawa na masu jiran gyara. Bai ji kunya ba, bai ji tausayi ba, haushi ma bai ji ba. Ya san da a ce wani ne ya faɗa masa wannan tunanin, da ya ce masa ba shi da imani. Ya rufe firjin ya kira mai shi ya zo ya ɗauka.

Ana cikin haka ƙanwar matarsa ta haihu, matar tasa ta shirya da sassafe za ta je ta wuni. Ta dafa abin da za ta dafa, amma ƙwai ya ƙare, ta ce ya sayo ya dafa da kansa in lokaci ya yi.

Da hantsi ya buɗe kwaɗon ya shiga. Ya dafa ƙwai, ya sauke, ya kashe murhu. Wani mai firji ya kira yana ta ƙorafi, Injiniya ya maƙale wayar a kafaɗa yana ba da haƙuri, yana ɓare ƙwan da zafinsa. Ɓawon na tafiya da farin, ƙwan ya koma kamar ɓera ya gwagwiye shi. Ƙofar kuwa a buɗe ya bar ta.

"Kai! Wa ya ɗauke ka aiki a nan?"

Ya juya. Inna ce a bakin ƙofa, ta dafa bango. Muryar ba irin ta kwanakin nan ba ce, ta da ce, wadda ya sani tun yana ƙarami.

Abin da ya fara zo masa shi ne ya kamo hannunta ya mayar da ita ɗaki. Ya dubi murhu, a kashe yake. Ya miƙa hannu ya murɗe kan tukunyar gas, ya kashe wayar.

Ta matso ta leƙa kwanon, ta yi tsaki. "Dubi ɓarna. Ƙwai da zafinsa ake ɓarewa a garinku? Zuba masa ruwan sanyi."

Ya zuba.

Ta ɗauki ɗaya, ta ƙwanƙwasa a kan tebur, ta murza shi da tafin hannu, ɓawon ya fita kamar riga. Hannun da ya kasa ɓalla maɓalli tun bara ne ya yi wannan.

"Yanka shi huɗu. Barbaɗa gishiri. Kawo in ji."

Ya miƙa mata yanki ɗaya. Ta sa a baki, ta tauna, ta haɗiye.

"Hannunka ya yi nauyi. Sake wani."

Ya sake, ta ci. Ta ce wannan kuma gishirin bai ji ba. Ya sake, ta ci. Injiniya na tsaye da wuƙa a hannu yana kallon maƙogwaronta na motsi.

Sai ya yi irin tasa. Ya kwashe sauran a faranti, ya ɗora a tire, ya jawo kujera ya ce, "Inna, zauna ki cinye."

Nan take fuskarta ta rufe. Ta ja baya ta ce, "Kai ba a gaya maka doka ba? Abin da ya hau tire na majinyaci ne. Duk wanda na kama ya taɓa, ranar zai bar aiki. Kai wa mai shi."

Ta juya ta fita, ta bar shi da tiren a hannu.

Ya daɗe a wurin. Ya tuna yana yaro in an tashi daga makaranta yakan biya ta kicin ɗin asibitin ya jira ta. Kullum a tsaye take da ɗan cokali a aljihun gaban rigar aiki, ta bi tukunya tukunya tana ɗanɗanawa, ga tire tire an jera a kan keken turawa za a kai ɗakunan marasa lafiya. A gida kuma in sun zauna cin abinci takan ce ta ƙoshi a wurin aiki. Ya lalubi tunaninsa kaf, bai samo rana ɗaya da ya ga mahaifiyarsa zaune da faranti a gabanta ba.

Ashe duk kwanakin nan abincin marasa lafiya yake kai mata, da tirensa da murfinsa, ita kuwa tana tsare amana da yunwa a cikinta. Wurin da ta iya ci a duniya guda ɗaya ne, shi kuma ya buga masa kwaɗo.

Da la'asar ya ciro kwaɗon daga ƙofar. Ya haɗa wa tukunyar gas ɗan keji na ƙarfe, ya mayar da kwaɗon can. Ya kwashe wuƙaƙe da ashana ya sa a saman kabad. Sannan ya ɓare ayaba ya fara dama ta da dakakkiyar gyaɗa, yana buga cokali a kwano da ƙarfi don a ji daga ɗaki.

Ba a jima ba ta fito.

Matarsa ta dawo da yamma ta tarar da mijinta, Injiniya guda, ɗaure da tsumma a ƙugu, kansa a sunkuye, Inna na nuna shi da cokali tana cewa, "Ayaba kake damawa ko siminti? Dubi gudaji. Kawo in ji." Matar ta koma bayan ƙofa ta toshe baki, dariya na cinta, hawaye na zuba.

A nan aikin gaske ya fara, domin ya gano cewa in abu ya yi daidai, cokali ɗaya Inna take ɗanɗanawa ta ce a fitar. In yana so ta ci da yawa, sai ya ɓata. Mutumin da a duk layin ba a taɓa dawo masa da aiki ba, ga shi kullum yana kuskure da gangan. Ya murƙushe kifin gwangwani a kan burodi mai laushi ya hana shi lemun tsami, ta ci ta yi faɗa. Ya matsa kaɗan, ta ci ta ce saura. Ya yanka gwanda a yogot kwano biyu, ɗaya da dabino ɗaya babu, ya ce, "Shugaba, wanne za a fitar?" Sai ta ɗanɗana wannan, ta ɗanɗana wancan, ta manta na farko ta koma.

Shugaba yake ce mata a kicin, don in ya ce Inna ba ta waiwayowa. Ita kuma sabon ɗauka take ce masa.

Faɗa kuwa ya sha shi. An ce masa hannunsa na mai fasa dutse ne. An tambaye shi ko da hanci yake auna gishiri. Rannan ma korarsa ta yi, ta ce gobe kada ta ga ƙafarsa. Washegari ya shigo, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne sabon? Allah ya sa ka fi na jiya."

Ya ce, "Amin, Shugaba."

Kada ku ɗauka kullum abin na tafiya. Akwai ranar da zai yi ta buga cokali ba ta fito ba. Akwai ranar da za ta fito ta tsaya tana kallon famfo, ba ta san me ya kawo ta ba. Yakan rufe shago da hantsi, ya sake rufewa da la'asar, har wasu masu kawo masa gyara suka gaji suka koma wani wuri. In ba ya nan matarsa ce sabon ɗauka, ita ma ta sha nata rabon.

Shi dai yana yi ne kawai. In an zage shi ya ce to, in ta ci ya wanke kwano. Matarsa ta taɓa tambayarsa, "Ba ka jin daɗi in ka ga tana ci?" Ya ce, "Ina ganin ya kamata in ji."

Ranar komawa asibiti ta zo. Likita ta ɗora Inna a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗora ta.

"Ba ta ragu ba. Ta ma ɗan ƙaru kaɗan. Me kuka canza?"

Injiniya ya ce, "Mun mayar da ita bakin aiki."

Ya yi mata bayani a taƙaice. Likitar ta yi murmushi ta ce maganar roba a ajiye ta tukuna, su ci gaba da abin da suke yi. Kafin su kai gida Yaya ta kira, da ta ji labari ta ce ai dama ta faɗa, gyaɗar nan ba ta ƙarya. Ya ce, "Haka ne, Yaya."

Sun iso a gajiye. Lokacin ɗan abin la'asar ya yi, ya shiga kicin ya dama ayaba da gyaɗa, ya zuba yogot kaɗan. Gajiya ta sa ya manta ya ɓata. Hannunsa ya yi abin yadda aka yi ta koya masa da faɗa, babu gudaji, komai daidai.

Inna ta shigo ta karɓi cokali ta ɗanɗana. Ta sake ɗiba, ta sake, har ta kusa rabin kwanon, abin da ba ta taɓa yi wa abin da ya yi daidai ba. Sannan ta ɗago ta dube shi da kyau.

"Kai, sabon ɗauka. Wa ya koya maka wannan?"

Ya ce, "Mahaifiyata."

"Tana raye?"

"Tana nan."

Ta gyaɗa kai, ta lashe bayan cokalin. "Ta iya. Kuma ta yi haƙuri da kai, don da gani ba ka da saurin ɗauka. In ka koma gida ka gaishe min da ita."

Injiniya ya ce, "Za ta ji."

Ya juya ya kunna famfo kamar zai wanke hannu. Kukan da bai yi ba tun ranar da ta fara ce masa bawan Allah ya zo masa gaba ɗaya, kafaɗunsa na rawa, ya dafa bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu. A bayansa Inna na kankare sauran ayabar da cokali, tana cewa a rage ruwan nan, ba kyauta ake samunsa ba.

Darasi: Ƙwai, ayaba, gyaɗa, kifi da yogot abubuwa ne masu sauƙi da ke taimaka wa jiki da ƙwaƙwalwar tsofaffinmu, amma ba sa amfani sai sun shiga ciki. Kafin ka ce tsohonka ya cika taurin kai, tambayi kanka yadda ya saba rayuwa tun kafin a haife ka, ka bi shi ta nan, ko da girmanka zai taɓu. Tsare su daga haɗari wajibi ne, amma kada garin tsarewa mu raba su da ɗan abin da ya rage musu. Wanda ke jinyar iyaye har ya ji zuciyarsa ta bushe, kada ya ɗauka imaninsa ne ya tafi, gajiya ce, ya ci gaba da yi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da tsoho a gida, wataƙila yau yana tsaye da tire a hannu bai san me zai yi ba.